Filin Amsa Tambayoyi: Wa Ke Biyan Kuɗin Farfaɗo Da Tsakiyar Gari?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun taru ne a kan batu guda, wato yadda ƙananan birane suke tsara kasafin kuɗinsu, da inda suke samo kuɗin gyara tsakiyar gari idan kasuwancinta ya fara mutuwa. Ta farko daga Amurka ta fito, kuma da yake can ne aka daɗe ana fama da wannan matsala, a can za mu fi tsayawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 6 ke nan a wani ƙaramin gari a jihar Ohio, ina aiki a masana'antar kayan mota. Ranar Asabar da ta wuce na taka daga gidan waya zuwa kotu a kan babban titin garin, na ƙirga shaguna 11 a rufe, an liƙe gilasansu da takarda, alhali gine-ginen na jan bulo ne masu ƙwari, wasu ma an sassaƙa shekarar gininsu a saman ƙofa. Yanzu majalisar gari ta aiko mana da takarda cewa za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin baɗi, kuma akwai shirin kashe kuɗi a wannan titi. Ina biyan harajin gida. Daga ina kuɗin zai fito, kuma me zan duba idan na je? Daga wani mai karatu a Ohio.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani a titin nan yana da tarihi. A 1956 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, kuma a shekarar ce aka buɗe katafaren rukunin kantuna na Southdale a jihar Minnesota, wanda ya zama abin koyi ga dubban irinsa. Sabbin hanyoyin suka kewaye garuruwa, masu hali suka koma bayan gari, manyan kantuna suka bi su da filayen ajiye mota kyauta, sai mai shagon takalma da mai kemis na tsakiyar gari suka wayi gari babu masu wucewa ta ƙofarsu. Asarar ba ta tsaya a kan 'yan kasuwa ba, domin harajin gini a can gwargwadon darajarsa ake yanka shi, kuma ginin da ya shekara a rufe darajarsa faɗuwa take yi, aljihun majalisa ya rame tare da ita.

Idan ka karɓi kundin kasafin, kada kaurinsa ya razana ka. Abu biyu za ka raba tun farko. Akwai asusun ayyukan yau da kullum, wanda daga cikinsa ake biyan albashi, man motoci, kwashe shara da share ƙanƙara a lokacin sanyi, kuma a galibin garuruwa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ne suke ɗaukar kaso mafi tsoka. Wannan asusu daga harajin gidaje, harajin ciniki ko na albashi, kuɗin lasisi da kason da jiha take bayarwa ake cika shi, kuma dokokin jihohi sun wajabta wa garuruwa su daidaita abin da za su kashe da abin da suke sa ran samu. Sai kuma tsarin manyan ayyuka, wanda akan tsara na shekara 5 ko 6 a jere, inda ake jera kwalta, gadoji, bututun ruwa da gine-gine, kowane da shekararsa da mafitar kuɗinsa. Gyaran babban titinku a wannan kundi na biyu za ka same shi.

Mafitar kuɗin ba kasafai take zama ɗaya ba. Akwai tallafin raya al'umma na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1974 zamanin Shugaba Gerald Ford: biranen da suka kai mutum 50,000 kai tsaye suke karɓa, ƙananan kuma sai sun nema ta hannun jiharsu, kuma sharaɗi ne aƙalla kashi 70 cikin 100 na kuɗin ya amfani masu ƙaramin ƙarfi. Akwai rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 ga wanda ya gyara tsohon ginin tarihi bisa ƙa'ida ya mayar da shi wurin sana'a ko haya, kuma gine-ginen jan bulon da ka ambata suna iya cancanta idan an yi musu rajista. Wasu jihohin suna da nasu shirin. Jihar New York, alal misali, ta fara a 2016 da ba garuruwa 10 dala miliyan 10 kowanne, cikinsu har da Oswego da Geneva da Jamestown. Abin da ya rage kuwa majalisa takan ciwo bashinsa ta hanyar sayar da takardun lamuni, ta riƙa biya da ruwa tsawon shekara 20 ko fiye.

Tambayar da nake so ka yi idan an ba ka dama, kuma yawanci minti 3 kacal ake ba kowa a gaban makirfo, ita ce wannan: bayan an yanke ƙyalle, wa zai biya kuɗin kula da aikin? Tallafi yana sayen fitilu da kujeru da itatuwa, amma ba ya biyan kuɗin wuta, ba ya biyan mai ban ruwa, ba ya sauya bulon da ƙanƙara ta fasa. Waɗannan duk a kan asusun yau da kullum suke faɗawa, kowace shekara, har abada. Idan majalisa ba ta iya nuna maka layin da aka rubuta wannan kuɗi ba, to aikin bai gama tsaruwa ba komai kyan zanensa. Ka kuma duba ko garin yana da ajiyar ko-ta-kwana. Ƙungiyar jami'an kuɗi na gwamnatocin Amurka tana ba da shawarar a ajiye aƙalla abin da zai riƙe gari wata 2.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a fannin tsara birane, kuma na gaji da karanta ƙa'idoji. Shin akwai garin da ya yi wannan aiki da gaske har kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Akwai, Malama, kuma wanda na fi so ki nazarta shi ne Greenville a jihar Karolina ta Kudu, gari mai mutum kusan 70,000 a ƙidayar 2020. Garin masaƙu ne, har ana yi masa kirari da cibiyar saƙa ta duniya, amma a shekarun 1970 masaƙun suna ja da baya, manyan kantuna sun ƙaura bayan gari, babban titi ya zama hanyar wucewa kawai mai layi 4.

Magajin garin daga 1971 zuwa 1979 shi ne Max Heller, wanda ya gudo daga Vienna a 1938 saboda zaluncin 'yan Nazi, ya fara da ƙaramin aiki a wata masana'antar ɗinka riguna. Ya taso a birnin da mutane suke zama a bakin titi su sha shayi su yi hira, kuma irin wannan titi yake so. A zamaninsa aka ɗauko ofishin mai zane Lawrence Halprin, aka rage layukan titin daga 4 zuwa 2, aka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, aka dasa itatuwa, aka samar da wurin ajiye mota a gefen titi. Wannan aiki ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya, kuma a ganina shi ne tushen komai, domin itatuwan da aka dasa a lokacin su ne yau suka yi wa titin rumfa daga wannan gefe zuwa wancan. A 1982 aka buɗe otal ɗin Hyatt Regency a arewacin titin da haɗin kuɗin gwamnati da na 'yan kasuwa, a 1990 kuma aka buɗe babban zauren wasanni na Peace Center a kudancinsa, wanda iyalan gidan Peace suka ba da gudummawa mai yawa wajen gina shi.

Sai labarin kogin Reedy, wanda ya ratsa tsakiyar garin yana zubowa daga kan duwatsu. Shekara da shekaru masaƙu suna zuba masa ruwan rini, har launinsa yakan sauya, kuma a 1960 aka gina gadar mota mai layi 4 daidai saman inda ruwan yake zubowa. Ma'ana, mutum zai iya tashi a garin, ya bi ta kan gadar safe da yamma, bai taɓa sanin cewa ƙarƙashin tayarsa akwai ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ba. Knox White, wanda ya hau kujerar magajin gari a 1995, ya dage sai an rushe gadar, aka yi shekaru ana ja-in-ja da masu cewa cunkoso zai hana kowa sakat. A 2002 aka rushe ta, a 2004 aka buɗe lambun shaƙatawa na Falls Park da wata siririyar gadar ƙafa mai lanƙwasa, tsawonta ya ɗan haura mita 100, wadda aka rataye ta da igiyoyin ƙarfe ta gefe ɗaya domin kada komai ya tare wa mai kallo ruwan.

Ga abin da ya shafi karatunki. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 13, kuma an ɗauko kuɗin ne daga harajin kashi 2 cikin 100 da dokar jihar ta yarje wa garuruwa su ɗora a kan abinci da abin sha da ake sayarwa a gidajen cin abinci. Ki lura da hikimar: harajin yana nan ana karɓarsa kafin a fara aikin, baƙi suna biyan wani ɓangare nasa, kuma duk lokacin da lambun ya jawo mutane suka ci abinci a kusa, asusun ƙaruwa yake yi. An kuma tara gudummawar masu hali a wani asusu na daban domin kula da lambun. Daga rage layukan titi zuwa buɗe lambun shekara 25 ne, a hannun shugabanni daban-daban waɗanda ba su watsar da aikin na gabansu ba.

Sai dai kada ki rubuta labarin kamar babu wanda ya ji ciwo. Da tsakiyar garin ta yi daraja, kuɗin haya da farashin filaye suka tashi, kuma unguwannin baƙar fata da ke kewaye da ita, waɗanda suka zauna a wurin lokacin da kowa ya gudu, su ne suka fara kasa biya. Majalisar ta kafa asusun gina gidaje masu rangwame daga baya, amma bayan farashin ya riga ya tashi. A ra'ayina wannan asusu a kasafin farko ya kamata ya fito, lokacin da fili yake da araha.

TAMBAYA: Malam, na yi shekara 30 ina aikin baitulmali kafin in yi ritaya. Ɗana ya ba ni labarin cewa a Amurka gari yakan ci bashi a kan harajin da bai ma fara karɓa ba. Wannan ba sayar da ɗan maraƙi a ciki ba ne? Daga wani dattijo mai ritaya.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, ɗanka ya faɗi gaskiya, kuma fargabarka tana kan hanya. Tsarin ya samo asali ne a Kalifoniya a 1952, yanzu kuma kusan kowace jiha tana da shi. Bari in kwatanta da misali. A ce wata unguwa tana kawo harajin gidaje na dala miliyan 1 a shekara. Majalisa sai ta shata mata iyaka, ta ce wannan miliyan 1 za a ci gaba da raba shi kamar yadda aka saba, amma duk abin da ya ƙaru a kansa a shekaru masu zuwa za a zuba shi a asusu na musamman. Sai ta ciwo bashi ta gyara titi da magudanar ruwa, da fatan gine-gine za su yi daraja, harajin ya kai miliyan 1 da rabi, a riƙa biyan bashin da rabin miliyan ɗin. A jihar Illinois irin wannan yarjejeniya takan kai shekara 23.

Inda gizo yake saƙa wuri biyu ne. Na farko, idan darajar ba ta tashi ba, masu bin bashi ba sa jin wannan uzuri, kuma sau da yawa asusun yau da kullum ne yake cike giɓin. Na biyu, harajin gidaje ba na majalisar gari ba ne ita kaɗai. Makarantu da gunduma suna da kaso a ciki, kuma ƙarin da aka killace na shekara 20 kuɗi ne da makaranta ba za ta gani ba, ko da kuwa unguwar za ta yi daraja da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Wannan ƙorafi yana cikin dalilan da suka sa Kalifoniya, wadda ta ƙirƙiro tsarin, ta rushe hukumomin sake gina birane kusan 400 a 2012 zamanin Gwamna Jerry Brown. A shekarar ce kuma birnin Stockton ya je kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan basussukansa, bayan ya ci bashi ya gina filayen wasa da tashar jiragen ruwa a bakin ruwan tsakiyar gari, ga alkawuran fansho masu nauyi, sannan farashin gidaje ya rushe a 2008.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na New London a jihar Connecticut, gari mai mutum ƙasa da 30,000. Kamfanin magunguna na Pfizer ya gina cibiyar bincike a garin, sai hukumomi suka yanke shawarar share unguwar Fort Trumbull da ke kusa domin a gina otal da ofisoshi da gidajen masu kuɗi. Wasu mazauna suka ƙi sayarwa, cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Susette Kelo, aka kai har Kotun Ƙoli. A watan Yunin 2005 alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce gari yana da ikon karɓe gida ya biya diyya idan manufar ita ce bunƙasa tattalin arziki. Aka rushe gidajen, aka kashe kusan dala miliyan 80 na jama'a, wanda aka dogara da shi zai yi sabbin gine-ginen ya kasa samo jari, a 2009 kamfanin Pfizer ya sanar da barin garin, filin kuma ya shekara da shekaru ciyawa ce kawai take fitowa a kansa. Jihohi fiye da 40 sun gyara dokokinsu na karɓar fili bayan wannan hukunci. Bambancinsa da Greenville a bayyane yake: can an kashe kuɗin jama'a a kan titi da kogi, abubuwan da ba za su tashi su bar gari ba, nan kuwa an jingina makomar unguwa a kan niyyar kamfani guda. Don haka tsarin da ka tambaya ba haramtacce ba ne a wurina, amma sai an ƙayyade shekarunsa, an yi lissafi da mafi ƙarancin abin da ake sa ran samu, an kuma zauna da makarantu kafin a sa hannu.

TAMBAYA: Malam, ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma a arewacin Nijeriya. Akwai abin da za mu ɗauka daga waɗannan misalai, ko dai labarin Turawa ne kawai? Daga wani kansila.

AMSA: Mai girma kansila, akwai, amma sai mun fara da bambancin. Cutar tsakiyar garuruwan Amurka rashin mutane ce, tamu kuwa yawanci cunkoso ne: kasuwa ta cika ta tumbatsa kan titi, kwata ta toshe, motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga. Ba mu buƙatar jawo jama'a, muna buƙatar kada wurin ya gagare su. Hanyar samun kuɗin ma daban ce, domin garin Amurka da harajin gidajen cikinsa yake rayuwa, ƙananan hukumominmu 774 kuwa sun fi dogara da kason kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, wanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Tsarin cin bashi a kan ƙarin haraji ba zai yi aiki ba a inda babu rajistar gidaje da ƙiyasin darajarsu.

Abin da zai yi aiki shi ne darasin harajin abinci na Greenville. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara da harajin gidaje cikin ayyukanku. Ku kawo ƙudurin da zai ware wani kaso sananne na kuɗin rumfa da na tasha, a ce ba za a taɓa shi ba sai a kan kasuwar da tashar da suka biya shi, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar kasuwa kowane wata 3. Ɗan kasuwar da ya ga rasiɗinsa ya zama kwalbati a gaban rumfarsa ba zai ɓuya wa mai karɓar haraji ba.

Akwai kuma darasin shirin raya manyan titunan ƙananan garuruwa da wata gidauniyar adana wuraren tarihi ta Amurka ta gwada a 1977 a Galesburg da Madison da Hot Springs. Ba kuɗi mai yawa aka zuba ba. Mutum ɗaya aka ɗauka a kowane gari, aikinsa kullum shi ne zagaya masu shaguna da masu gine-gine, ya haɗa kansu, a gyara fuskar shago ɗaya bayan ɗaya. Ku kuna da sarkin kasuwa da shugabannin layuka da ƙungiyar direbobi, waɗanda sun san wace kwata ce take fara ambaliya da saukar ruwan farko. Ku kira su kafin a rubuta kasafin, ba ranar kare shi ba, ku jera ayyukan shekara 5 bisa abin da suka nuna, kuma a gaban kowane aiki ku rubuta abin da yashe shi da gyara shi zai riƙa ci kowace damina, da asusun da za a ɗauko kuɗin.